Konstantsa ta Romaniya: wane adadin mutane ne daidai?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum. Ɗalibai na shirya bayani a kan Konstantsa, babban birnin lardin da ke bakin Bahar Aswad. Wani wuri an rubuta mutum 350,000, wani 263,000. Wanne za su ɗauka? Kuma ina asalin garin?

Malamin Lise, Marwa: Wa alaikumus salam, Malam. Duka biyun gaskiya ne, shekara ce ta bambanta. Ƙidayar 1992 ta ba da 350,581, ta 2002 ta ba da 310,471, ta 2011 283,872, ta 2021 kuma 263,688. Su ɗauki ta ƙarshe, su rubuta shekarar kusa da ita. Inda yara ke faɗawa rami wuri biyu ne. Wasu su kwaso adadin lardi dukansa, kusan 656,000, su ɗora wa birni, tunda sunansu ɗaya. Wasu kuma su ɗauki lissafin masu adireshi a katin shaida, wanda kullum ya fi yawa, don mutum yana Italiya shekara goma amma takardarsa na nan gida. Ƙidaya kuwa mazauna take ƙirgawa.

Hajiya, Njamena: Ƙari a kan na Malam. Raguwar ba duka hijira ba ce. Bayan faɗuwar Ceaușescu, shugaban Romaniya na zamanin kwaminisanci, a 1989 haihuwa ta yi ƙasa, masana'antu suka rufe, shiga Tarayyar Turai a 2007 ta buɗe hanyar fita. Amma wasu ko'ina ba su je ba, gefen gari suka koma, irin su Ovidiu da Valu lui Traian, suna shigowa aiki da safe, ƙidaya ta sa su a wata ƙaramar hukuma.

Malamin Lise, Marwa: Haka ne, Hajiya. Batun asali: Girkawan Miletus suka kafa shi wajen ƙarni na 6 kafin Annabi Isa (AS), da sunan Tomis. Can sarkin Rum Augustus ya kori mawaƙi Ovid a shekara ta 8 bayan haihuwar Annabi Isa (AS). Daular Usmaniyya ta riƙe shi sama da shekara 400, sai 1878 ya koma hannun Romaniya, a lokacin ƙaramin gari ne. Tashar jiragen ruwa ce ta raya shi, kamar Duwala a wajenmu, musamman bayan gadar Cernavodă ta 1895 ta haɗa shi da Bukares, babban birnin ƙasar, ta layin dogo.

Bappa, Ngaundere: Kada a manta Musulminsa, Turkawa da Tatar. Ofishin Muftin Romaniya a Konstantsa yake. Babban masallacin garin Sarkin Romaniya Carol na Ɗaya ne, Kirista, ya sa aka fara gina shi a 1910. Hasumiyarsa mita 47, matakala 140. A ce wa ɗalibai kada su rikita shi da masallacin Hünkar na zamanin Turkawa, wanda ya girme shi.