Talabijin ta bango a gidajen Sakkwato: abin da kowa ya gani da idonsa

Malamin makaranta, Mabera:

Assalamu alaikum, iyaye da yayye da ƙanne. Tsohuwar talabijin mai ƙaton baya da muke kallo a gida ta fara gajiya, sai an kunna ta an jira wani lokaci kafin hoto ya fito, kuma idan ya fito launinsa yana rinjaya zuwa kore. Iyali sun matsa a sayo irin wadda ake maƙalawa a bango, ni kuwa ba na son in zuba kuɗin da na daɗe ina tarawa a kan abin da ban san halinsa ba. Na zagaya shaguna a babbar kasuwa, kowane mai shago yana yabon hajarsa, wannan ya ce LED, wancan ya ce OLED, wani kuma ya nuna mini filasma ta hannu a farashi mai sauƙi. Abin da nake roƙo shi ne waɗanda suka riga suka ajiye irin waɗannan a gida ko a wurin sana'a su gaya mana yadda suka ƙare da su a zafin bazarar Sakkwato, da ƙurar hunturu, da irin wutar da ake kawo mana.

Mai gidan kallon ƙwallo, Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni da filasma mai inci 42 na buɗe rumfata, kuma ba zan ci amanarta ba, domin a wajen nuna ƙwallo samun kamarta sai an tona. Idan ɗan wasa ya ɗauki gudu hoton ba ya jan jela a bayansa, baƙinta baƙi ne sosai, kuma yaron da ya zauna a can gefen benci yana ganin launi daidai da wanda ya zauna a tsakiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai rumfar da mutane ke cika ta har bakin ƙofa.

Matsalarta biyu ce. Ta farko zafi da shan wuta. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, ga rufin kwano, ga numfashin jama'a, idan ka ɗora tafin hannunka a bayanta ba za ka iya barinsa ya daɗe ba. Sai da na ware mata fanka tata ita kaɗai, tana hura mata iska ta baya. Janareta kuwa da zarar an kunna ta sai ka ji muryarsa ta sauya, kuma man da nake saya a mako ya ragu ƙwarai bayan na koma LED mai girma ɗaya. Ta biyu ita ce tabo. Da yake tashar wasanni ɗaya muke bari tun la'asar har tsakar dare, tambarin tashar da ɗan akwatin da ake rubuta sakamakon wasa sun zauna daram a kusurwar gilashin, ko an sauya tasha kana hango inuwarsu. Wannan tabon ba ya goguwa. Idan za ka sayi filasma ta hannu, Malam, kusurwoyin nan za ka fara dubawa.

Mai gyaran rediyo da talabijin, Tsohuwar Kasuwa:

Alhaji mai gidan kallo ya faɗi gaskiya, kuma zan ƙara da cewa manyan kamfanonin da suka shahara da filasma, wato Panasonic da Samsung da LG, duk sun daina ƙera ta kafin ƙarshen shekarar 2014. Saboda haka duk wadda aka nuna maka a yau ta kwana biyu a duniya, kuma kayan gyaranta sai dai a ciro daga wata da ta mutu.

Game da sauran, ya kamata Malam ya san abin da ke cikinsu kafin ya biya. Wadda ake kira LCD gilashinta ba ya ba da haske da kansa, fitila ce a bayansa take haska shi. Na farko-farko suna amfani da siraran fitilu masu kama da dogon ƙwan lantarki, daga baya aka maye gurbinsu da jerin ƙananan ƙwayaye na LED, shi ya sa ta ƙara sirancewa ta kuma rage shan wuta, kuma ita ce ake kira LED a kasuwa. OLED ce ta sha bamban, domin kowane ɗigo na hotonta shi ke haska kansa, babu fitila a baya. LG ta fitar da mai inci 55 a 2013, hotonta yana da kyau matuƙa, amma tsadarta ta fi ƙarfin yawancinmu, kuma ita ma tana iya yin tabon da Alhaji ya ambata.

A teburina abubuwa uku ne suka fi kawo talabijin ta bango. Mafi yawa su ne waɗanda wuta ta ƙona wa allon da ke karɓar lantarki, musamman idan an ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, ko an juya layi daga janareta ba a kashe ta ba. Wannan yana gyaruwa, sau da yawa ma ƙananan abubuwa ne suka kumbura a sauya su. Na biyu su ne waɗanda ake jin magana amma gilashi ya yi duhu. Idan haka ta faru da taku, ku kashe fitilar ɗaki ku haska tocila dab da gilashin; in kun hango hoto dishi-dishi yana motsi, to ƙwayayen bayan ne suka mutu, kuma ana sauya su. Zafi ne babban maƙiyinsu, kuma akasarin mutane suna barin hasken a ƙure kamar yadda aka saita shi a shago don ya ja hankalin mai saye. Ku shiga wurin saiti ku rage hasken baya zuwa rabi ko sama kaɗan, idonku zai huta, ƙwayayen kuma su daɗe.

Na uku shi ne fashewar gilashi, kuma a nan ne nake ba mutane haƙuri. Tsohuwar talabijin kusan duk abin da ya same ta muna da dabararsa, mu narka dalma mu liƙa, ta koma aiki. Wannan kuwa idan gilashin ya tsage, kuɗin sabon gilashi yakan kusa kai kuɗin sabuwar talabijin, in ma an same shi.

Uwargida, Arkilla:

Malam mai gyara, wannan magana taka ta ƙarshe a gidan 'yata ta faru. Yanzu an wayi gari kayan ɗakin amarya ba su cika ba sai da talabijin ta bango, mu ma muka yi ƙoƙari muka sa mata mai inci 43. Mai gidanta ya ce kada a huda bangon gidan haya, sai aka ajiye ta a kan teburi bisa 'yan ƙafafunta biyu. Ranar suna gida ya cika da yara, wani ƙaramin yaro ya ja waya, ta kifo da fuska. Daga waje gilashin lafiya lau yake, amma da aka kunna sai ga wani baƙin tabo ya bazu daga kusurwa da layuka masu launi sun sauko har ƙasa. Shawarata ga Malam ita ce ya haɗa kuɗin ƙarfen maƙalawa da na mai ɗaurawa a cikin lissafinsa tun farko, a ɗaga ta inda hannun yaro ba zai kai ba, a kuma ɓoye wayoyin.

Sai maganar ƙura, wadda mu mata muka fi sani. Da hunturu ko ka share ɗaki da safe, kafin azahar za ka iya rubuta sunanka a gilashin. Tsohuwar mukan goge ta da jiƙaƙƙen tsumma babu abin da ya dame ta, wannan kuwa kada a fesa mata ruwa, domin yana gangarawa ya shiga ta ƙasan gilashin ya ɓata shi. Ni da busasshen ƙyalle mai laushi nake shafa tawa a hankali, na kuma ɗinka mata riga ta atamfa da nake rufa mata idan an kashe ta ta huce. Abu ɗaya da har yau ban saba da shi ba shi ne muryarta. Da yake siririya ce, lasifikarta ƙarama ce, idan fanka tana juyawa mahaifiyata ba ta jin tafsiri sosai sai da muka haɗa mata wata lasifika daban.

Ɗan kasuwa, Illela:

Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ni abin da ya ba ni mamaki ranar da na kawo tawa shi ne hoton ya fi na tsohuwar muni. A shago an nuna mini tsuntsaye da furanni har kana ƙirga gashin fiffike, na zo gida na haɗa ta da tsohuwar dikoda ta wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, sai fuskokin mutane suka yi dusu-dusu kuma kowa ya yi faɗi. Wani yaro mai ɗaura dish ne ya fahimtar da ni cewa talabijin ba ta ƙirƙirar kyan hoto, abin da aka ba ta shi take faɗaɗawa. Gilashin da aka rubuta wa Full HD yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, na 4K kuwa 3840 da 2160, to idan hoton da ke shigowa na tsohon tsari ne sai ta baza shi ya cika wannan fili, duk aibinsa ya bayyana. Faɗin da mutane suka yi kuwa saboda tsofaffin shirye-shirye an ɗauke su a ma'aunin 4:3 ne, sabon gilashi kuma 16:9 ne. Da na sauya dikoda zuwa mai HD na haɗa da wayar HDMI, sai tashoshi irin su Arewa24 suka fito fes. Don haka ba na ganin amfanin mutum ya ƙara kuɗi ya sayi 4K alhali abin da zai kalla bai kai can ba.

Mu da ke bakin iyaka muna da wani tarihi da wannan. A da idan muka juya eriya muka kamo Télé Sahel ta Nijar, akwatunan da ba su san SECAM ba, wato tsarin aika hoto mai launi na Nijar, sukan nuna ta babu launi, domin Nijeriya wani tsarin daban mai suna PAL take amfani da shi. Yanzu da dish wannan ya wuce. Alherin da na fi gani a LED shi ne ƙarancin shan wuta: tawa mai inci 32 a kan sola da batir ɗaya take, tare da fanka da ƙwayaye, muna kallon labarai har bayan isha'i.

Ɗaliba, Gawon Nama:

Ina gaida iyayena. Tamu irin mai shiga intanet ce, kuma ina so Malam ya sani cewa kallon YouTube a babban gilashi yana cinye data fiye da yadda yake yi a waya, domin talabijin takan zaɓi hoto mafi inganci da kanta idan ba a rage mata ba. Baba ya sayi data ta wata guda, ƙannena suka gama da ita kafin mako ya zagayo. Yanzu mun cire ta daga intanet, muna zuba karatu da fina-finai a filashi mu soka mata ta baya.

Malamin makaranta, Mabera:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Hankalina ya karkata ga LED mai inci 32 ko 43. Malam mai gyara, idan kuɗina bai kai sabuwa ba na tsaya a ta hannu, me zan duba kafin in biya?

Mai gyaran rediyo da talabijin, Tsohuwar Kasuwa:

Malam, ka fara da takardar da ke manne a bayanta. Wutarmu ta Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120, to idan ba ka ga an rubuta 100 zuwa 240 ko 220 zuwa 240 ba, ka bar ta. Wadda aka yi don kasuwar Amurka ko ta karɓi wutarmu ba za ta kamo NTA ko RTV, tashar jihar Sakkwato, ta eriya ba, sai dai ta dikoda. Sannan ka sa a kunna ta a gabanka a bar ta ta yi kamar rabin awa, domin wasu sai sun yi ɗumi suke fara ƙyafta ido ko kashe kansu. Ka nemi a nuna maka farin hoto zalla, sannan baƙi zalla: a fari za ka ga inda ƙwayayen baya suka raunana ya yi duhu ko shuɗi-shuɗi, a baƙi kuma za ka ga ɗigon da ya maƙale yana haske. Ka gwada kowace ƙofar HDMI da ta USB ɗaya bayan ɗaya, ka kuma dubi kusoshin baya ko an taɓa kwance su.

Idan za ka ɗauko ta a Keke Napep, a tsaye za ka riƙe ta, kada a kwantar da ita ko a ɗora mata kaya. A gida kuma ka bar tazara tsakaninta da bango don iska ta ratsa, kada ka ɗaura ta a bangon da rana ke duka da yamma, kuma ka saya mata sitabilaiza ko abin kariyar nan da ke jinkirta shigar wuta na 'yan mintoci bayan an dawo da ita. Idan ka tashi zuwa kasuwa ka biyo ta shagona da safe kafin aiki ya yi yawa, sai mu je tare in duba maka.