Neman kalma: me za mu kira "occult" a tarihin Annie Besant?

Mai fassara:
Assalamu alaikum malamai. Ana rubuta tarihin Annie Besant da Hausa, Baturiyar Ingila da aka haifa a Landan a 1847, ta rasu a Adyar kusa da Madras a 1933. Rubuta farkon rayuwarta bai ba da wahala ba: ta shiga ƙungiyar Fabian ta masu ra'ayin gurguzu a 1885, ta tsaya wa 'yan matan masana'antar ashana ta Bryant & May da suka yi yajin aiki a 1888 kan tarar da ake zabtare musu da gubar da ke cin muƙamuƙinsu. Inda aka cije shi ne 1889, shekarar da ta shiga ƙungiyar Tiyosofi. Abin da ta runguma Turawa na ce masa occult. An kawo tsibbu, bokanci da ƙungiyar asiri. Wanne za a ɗauka?

Malamin tarihi:
Wa alaikumus salam. Duk ukun a ajiye su, Malam. Bari a fara duba me mutanen nan ke yi. Helena Blavatsky da Henry Olcott da William Judge ne suka kafa ƙungiyar Tiyosofi a New York a 1875, hedkwatarta ta koma Adyar a 1882. Manufofinta uku ne a rubuce: 'yan'uwantakar bil'adama ba tare da duba launi, addini, jinsi ko asali ba, nazarin addinai da falsafa da kimiyya gefe da gefe, da binciken ɓoyayyun dokokin halitta da ƙarfin da ke kwance cikin ɗan Adam. Suna buga mujallu, suna lacca a fili, mai so ya yi rajista. Idan ka rubuta ƙungiyar asiri, mai karatu zai hango matsafa da shan jini, ka ɗora wa matar abin da ba ta yi ba. Akwai dai wani sashe na ciki da Blavatsky ta buɗe a 1888, inda ake ɗaukar alkawarin riƙe sirri, amma sashe ne kawai.

Tsibbu kuma sana'a ce. Mutum ya zo da buƙata, a buga masa ƙasa, a ba shi rubutun sha ko laya, ya ajiye abin sadaka. Besant ba ta da layin masu neman farin jini a ƙofarta. Da'awarta daban ce: cewa rai yana dawowa duniya a wani jikin, cewa aikin mutum yana biyo shi zuwa rayuwa ta gaba, cewa akwai wasu ɓoyayyun malamai da suke kira Mahatma a wajen Tibet masu shiryar da ƙungiyar. A 1908 ita da Charles Leadbeater har littafi suka fitar da zane-zane, suna cewa da idon zuci suka ga yadda ƙwayar zarra take. Bokanci ya fi nisa ma, don babu iskoki, babu yanka, babu magani.

Malamin Larabci:
Allah ya saka. Asalin kalmar daga Latin ne, ma'anarta ɓoyayye, kishiyar abin da ke zahiri. Ke nan baɗini muke nema. Kada a taɓa gaibu: Musulmi mai karatu ya san Allah kaɗai ya san gaibu, rubuta "ta yi ilimin gaibu" tamkar gaskata da'awar ne. Sufanci ma kuskure ne, domin yana da shehi da silsila da wuridi a cikin Musulunci, su kuwa waɗannan daga addinin Hindu da na Buddha suka fi ɗiba. Shawarata: ilimin baɗini. Amma a guji Baɗiniyya, don a littattafanmu sunan Isma'iliyya ne, waɗanda Imam Gazali ya yi wa raddi.

Malamar harshe:
Allah ya gafarta Malam, saiwar ta yi, sai dai ilimin baɗini yana da masu shi. Mutanen ɗariƙa suna faɗarsa kullum idan suna bambanta shi da ilimin zahiri, kuma da girmamawa suke faɗa. Idan muka ba 'yan Tiyosofi wannan suna, mun ɓata wa wasu rai, mun kuma rikita mai karatu.

Hausa tana da hanyarta ta sanya wa aƙida suna: boka, bokanci, sufi, sufanci. Sai mu ce baɗinanci. Mai bi ɗan baɗinanci, mace 'yar baɗinanci, jam'i 'yan baɗinanci. A gwada a jumla: "A 1889 ta shiga baɗinanci, daga baya ta bar fafutukar masu musun addini." "Tsoffin abokanta irin su Charles Bradlaugh ba su ji daɗin baɗinancin da ta ɗauka ba." Yana zama a baki, kuma bai yabe ta ba, bai zage ta ba. A karon farko a biyo shi da bayani na layi ɗaya: aƙidar neman ɓoyayyen ilimi game da rai da halitta, ta hanyar da ba ta wahayin annabawa ba, ba ta gwajin kimiyya ba. Sunan ƙungiyar kuwa a bar shi Tiyosofi. Fassara shi da "hikimar Ubangiji", ko da yake ma'anarsa ke nan a Girkanci, zai sa a ɗauka wa'azi ne.

Malamin tarihi:
Na goyi bayan baɗinanci, Malama. Abu biyu a kiyaye. Kada a haɗa shi da masu zaman kiran ruhin matattu. A irin wannan zama ne Blavatsky da Olcott suka haɗu a Vermont a 1874, amma daga baya ta ce abin da ke bayyana a can ba ainihin mamacin ba ne. Wannan a kira shi da aikinsa.

Na biyu, kalmar gurguzu ita kaɗai za ta kai mai karatu Tarayyar Sobiyet. 'Yan Fabian ba juyin juya hali suke nema ba, gyara suke so ta zaɓe da doka, shi ya sa suka ari sunan Fabius, kwamandan Rum da ya gajiyar da abokin gabarsa Hannibal ba tare da gaba-da-gaba ba. A ce gurguzun sannu-sannu. Kuma kada rubutun ya nuna kamar baɗinanci ya raba ta da siyasa. Ta bar Fabian a 1890, ta janye ɗan littafinta na tsarin iyali a 1891, amma ta isa Indiya a 1893, ta kafa kwaleji a Banaras a 1898, ta zama shugabar Tiyosofi a 1907, ta kafa ƙungiyar neman mulkin kai a 1916. Ingila ta tsare ta a 1917, a Disambar shekarar aka ɗora ta kan shugabancin jam'iyyar Congress ta Indiya.

Mai fassara:
Na gode ƙwarai. An ɗauki baɗinanci da gurguzun sannu-sannu. Saura karma, wato aƙidar cewa aikin mutum yana biyo shi zuwa rayuwa ta gaba, zan buɗe mata zare daban, don alhaki da sakayya kowanne yana da inda ya gaza.