Me ya sa gundumar West Riding ta Ingila ta gina gidajen masu taɓin hankali har biyar, daga baya kuma aka rufe su duka?

Hadiza_Funtuwa

Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga masana tarihin kiwon lafiya. Tsohuwar gundumar West Riding da ke Yorkshire ita kaɗai tana da manyan gidajen masu taɓin hankali guda biyar, amma yau babu ko ɗaya da ke aiki. Wa ya gina su, da kuɗin wa? Ta yaya ake shigar da mutum? Kuma idan mai bincike yana son ganin takardun marasa lafiyar, ina zai nufa?

Malam_Sabo

Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Tushen abin doka ce. A 1808 majalisar dokokin Birtaniya ta ba wa majistarorin kowace gunduma izinin gina gidan masu taɓin hankali da kuɗin harajin gundumar, amma ba ta tilasta ba. Sai a 1845 aka mayar da shi dole, aka kuma naɗa kwamishinoni masu zagayawa duba gidajen.

West Riding ba ta jira tilas ba, saboda abin kunyar da ya faru a maƙwabta. A 1814 wani majistare, Godfrey Higgins, ya bankaɗo ɓoyayyun ɗakuna cike da ƙazanta a tsohon gidan mahaukata na birnin York, inda ake kulle mata. A birnin kuma akwai wani gida da William Tuke ya buɗe a 1796, inda ake kula da marasa lafiya da lallami da aikin hannu maimakon mari da sarƙa. Wannan tsari aka ɗauka aka buɗe gidan Wakefield a 1818, da gadaje 150, ƙarƙashin likita William Ellis.

Sauran sun biyo baya ne saboda cunkoso: Wadsley kusa da Sheffield a 1872, Menston a 1888, Scalebor Park a 1902, Storthes Hall kusa da Huddersfield a 1904. Scalebor Park daban yake, don masu biyan kuɗi aka yi shi. A takardu za ki ga sunaye sun sauya: Wakefield ya koma Stanley Royd, Wadsley ya koma Middlewood, Menston ya koma High Royds. Wannan kan rikita masu bincike ƙwarai.

Dakta_Binta

Malam Sabo ya kawo jeri daidai. Bari in tsaya a kan inda abin ya lalace, don nan ne zuciyar maganar.

Mafi yawan waɗanda aka kai talakawa ne da hukumar kula da gajiyayyu ke biya wa. Jami'in agajin talakawa na yankin ya kawo mutum, likita ya rubuta shaidar taɓin hankali, majistare ya sa hannu a takardar karɓa, shi ke nan. Shiga da sauƙi, fita da wuya, domin sallama tana hannun kwamitin da ke kula da gidan, kuma sau da yawa dangin masu aikin masaƙa da haƙar kwal ne da ba su da halin zama da mara lafiya a gida.

A 1874 gwamnati ta fara ba da tallafin sule huɗu a mako kan kowane talaka da ke gidan masu taɓin hankali. Daga nan hukumomin gajiyayyu suka ga gara su tura tsofaffin da suka ruɗe, da masu farfaɗiya, da waɗanda aka haifa da raunin ƙwaƙwalwa. Ga kuma masu tunjeren da ya hau kai, cutar da ke kawo ruɗu da shanyewar jiki, ta kashe mutum cikin 'yan shekaru, kuma maza ta fi kamawa. Waɗannan duk ba aikin gona ne zai warkar da su ba. Tsarin Tuke yana tafiya ne idan likita ya san kowa da sunansa. Da gida ya haura mutum dubu, sai kulawa ta zama ƙirga kawuna da kulle ƙofofi. Tarin fuka da atuni suka samu wurin zama. A yaƙin duniya na farko an mai da Wadsley asibitin sojoji, aka rarraba mutanensa a wasu gidajen, kuma a 1917 da 1918 mace-mace ta yi tashin gwauron zabo a irin waɗannan gidaje a faɗin Ingila saboda cunkoso da ƙarancin abinci.

Amma kada a ce ba a tsinana komai ba. James Crichton-Browne, wanda ya shugabanci Wakefield daga 1866 zuwa 1876, ya kafa ɗakin bincike a can, kuma a nan likitan ƙwaƙwalwa David Ferrier ya yi gwaje-gwajensa na 1873 kan wane sashe na ƙwaƙwalwa ke motsa wace gaɓa.

Malam_Sabo

Haka ne, Dakta. Game da rufewa kuwa, a hankali aka yi ta. Dokar 1930 ta buɗe ƙofar mutum ya kai kansa da yardarsa. A 1948 gidajen suka fita daga hannun gunduma suka koma ƙarƙashin hukumar lafiya ta ƙasa. Chlorpromazine, maganin da ke kwantar da taɓin hankali, ya shigo a shekarun 1950, dokar 1959 ta cire majistare daga harkar shigarwa, sannan a 1961 ministan lafiya Enoch Powell ya ce a rage gadajen da rabi cikin shekara 15. Stanley Royd ya rufe a 1995, High Royds shi ne na ƙarshe a 2003, yanzu an mai da gininsa gidajen zama. Inda aka yi tuntuɓe shi ne an fi saurin rufe ɗakunan kwanciya fiye da tanadar masauki da ma'aikatan da za su bi mutum gida.

Mai_Adana

Hajiya Hadiza, ga batun takardu. Na Stanley Royd da High Royds da Storthes Hall suna ma'adanar tarihi ta West Yorkshire a Wakefield, na Middlewood kuma a ma'adanar Sheffield. Ki fara da rajistar shiga, ita ce ke ba da lambar mutum, ranar shiga, sana'arsa, da hukumar da ke biya masa. Da wannan ranar za ki nemi littafin bayanan likita, na maza daban na mata daban, wasu na ƙarshen ƙarni na 19 har da hoto. Daga nan sai rajistar sallama da mutuwa.

Abubuwa uku kan tsayar da mai bincike. Takardun marasa lafiya a kan rufe su shekara 100, sai dangi da izini. A wasu ƙidayoyin jama'a haruffan farko na suna kawai aka rubuta wa mazauna gidajen, don haka neman cikakken suna a intanet ba zai fito da komai ba. Sannan akan ɗauke mutum daga wannan gida zuwa wancan idan wuri ya cika, sai ki duba layin sallama ki ga ko an rubuta inda aka mai da shi. Idan kuma a Menston ya rasu ba wanda ya karɓi gawar, ki nemi rajistar maƙabartar Buckle Lane, inda aka binne mutum 2,861, akasari ba suna a kan kabari.