Sabon zuwa Yamai: abubuwan da baƙo ya kamata ya sani tun makon farko

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum ƴan uwa. Kullum ana samun masu tasowa daga Maradi, Damagaram, Tawa da tsallaken iyaka su zo zama Yamai, aiki ko karatu. Waɗanda suka san garin, a taimaka a faɗa musu abin da ya bambanta da gida, dalla-dalla.

Direban taksi, Bukoki: Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara da taksi, don a tsakiyar Yamai kabu-kabu ba su cika hanya ba kamar a Maradi ko Tawa. Taksi fara mai jan kai ta haɗaka ce, mutum huɗu kowa da inda za shi. Ka tsaida ta, ka leƙa ta taga, ka faɗi inda za ka. In direba ya gyaɗa kai ko ya danna oda, shiga. In ya ja mota bai ce komai ba, ba wulaƙanci ba ne, hanyarku ce ba ɗaya ba. Kuɗi kuma da kurs ake lissafi, wato kuɗin tafiya ɗaya. Wuri na kusa kurs ɗaya, in da nisa ko za a sauka daga gudron a shiga yashi, ko a ƙetare gada, sai ya ce kurs biyu. A gama wannan magana kafin a rufe ƙofa. Mai babbar takarda, jikka biyar ko goma, ya faɗa tun a waje, domin rashin canji shi ne rabin rigimar da ake yi a mota.

Kada ka ba direba sunan titi ko lambar gida, ba zai gane ba. Ka faɗi unguwa da alama: faramasi kaza, shatale kaza, shato (tankin ruwa), masallaci, gidan mai. Lazare kaɗai ba adireshi ba ne, unguwar na da faɗi. Mai son arha zuwa bakin gari ya nemi faba-faba, ƙaramar bas ta haya, amma sai ta cika take tashi.

Hajiya mai sayar da kayan miya, Katako: Ɗana, kasuwa ana jin Hausa ko'ina, amma farashi yakan fito da Zabarmanci, kuma da dala ake ƙirga kamar gida, dala ɗaya sefa 5. Riƙe waɗannan: igu 25 ne, iway 50, waranka 100, waygu 250, zangu 500. Abin da muke kira jikka, wato 1000, su zangu hinka suke cewa, ɗari biyu kenan na dala. Inda ake faɗawa rami shi ne zambar: zambar fo sefa 5000 ne, ba 1000 ba. Wanda ya zo daga Najeriya ya saba da naira ya ninka duk abin da ya ji sau biyar, ko ya ce a faɗa masa da Faransanci. Tambayar farashi "marje no". Kafin ita a ce "fofo", a tambayi lafiya. Mai gaisuwa da harshen mai kaya yana samun gyara, wannan kowa ya sani.

Gero da masara da tiya ake aunawa. Kifin kogi da ganye a je kasuwar Jamaje da sassafe, dabba kuma kasuwar Turaku.

Malam dillalin gidaje, Banifandu: Batun haya ya fi komai cin kuɗin baƙo, bari in tsaya a kansa. Za ka ji ana cewa antire-kushe, ɗaki ɗaya kenan, ko shambur-salon, ciki da falo. Mai gida yakan nemi kuɗin wasu watanni gaba, da kosiyo da ake riƙewa saboda ɓarna, dillali ma da nasa la'ada. A rubuta duka a takarda da shaidu biyu, har da ranar da za a mayar da kosiyo.

Kafin ka ba da ko dala, duba abu huɗu. Na farko gindin bango daga waje da ciki: in ka ga layin danshi ko gishiri-gishiri ya kai gwiwa, ruwa na kwanciya a gidan da damina, ko da an shafe da sabon fenti. Na biyu kwantar kuran, wato mitar wuta: nemi takardar biya ta ƙarshe, domin bashin wanda ya tashi kan kwantar yake zama, kai za a yanke wa wuta. In kwanta ɗaya ce ga dukan tsakar gida, a yi yarjejeniya tun farko yadda za a raba, mai firiji da mai fitila ɗaya ba za su biya daidai ba. Na uku fanfo: buɗe shi da tsakar rana, ba da safe ba. Daga Maris zuwa Mayu unguwannin tudu na bakin gari sukan samu ruwa cikin dare kawai, sai ka tanadi tano da bido mai lita 25, ka kuma san ɗan ga-ruwa ɗaya da zai riƙa kawo maka. Na huɗu rufi: kwano ba silin, ga bango yana kallon yamma, a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 ɗakin ba ya kwantuwa sai an fita tsakar gida.

Malama a Harobanda: Yaya, ƙara musu da kogi. Ruwan kogin Isa, wato Kwara, sau biyu yake cika a shekara. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda ruwan saman yankinmu ke kawowa, shi ne mai haɗari, shi ya ci gidaje a Lamorde da Kirkisoy da Saga a 2020. Sai kuma cikar Disamba da Janairu, ana tsakiyar sanyi ba ko ɗigon ruwan sama. Wannan ruwan daga tsaunukan Gini yake, yana ɗaukar watanni yana ratsa Mali kafin ya iso. Gida mai arha a gangare kusa da madatsar bakin kogi, a tambayi maƙwabta inda ruwa ya tsaya a bara.

Ɗalibin jami'ar Abdu Mumuni ya nemi ɗaki a wannan tsallaken kogi na Harobanda, inda jami'ar take. Gadoji uku ne: Kennedy ta 1970, ta Sin ta 2011, da ta Janar Seyni Kunce ta 2021. Ta Kennedy ce ke cushewa safe da yamma.

Bagobiri, Talaje: Ɗan uwana na Gobir, ranar da Bazabarme ya ji asalinka ya ce "ga bawana ya zo", kada ranka ya ɓaci. Taubasantaka ce, ka rama da wasa, ka ce shi ne naka. Haka take tsakanin Fulani da Barebari, da Fulani da Arawa. UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Sau da yawa wanda ya fi tsokanarka a wurin aiki shi zai fara tsaya maka in wata matsala ta taso. Ka kuma nemi fadar samarin layinku ka gaida su, ka zauna a sha shayi. Su suka san wa ya shigo unguwa da dare.

Baba mahauci, Wadata: Ƴaƴana na tsallaken iyaka, babbar sallah a nan ba a yanka rago gunduwa-gunduwa ranar farko. Ana feɗe shi, a buɗe shi, a soke a kan sanduna biyu da aka gicciya, maƙwabta su jera nasu kewaye da wuta ɗaya a ƙofar gida har dare. Ranar kayan ciki ake ci, rabo sai washegari. A tsattsaga cinya da kafaɗa a sa gishiri, a bar tazara tsakanin nama da wuta, a riƙa juyawa. In an matsa shi kusa, baya zai ƙone ciki bai gasu ba, da safe sai wari. Itace da sanduna a saya tun saura mako guda, jajibiri tsada suke.