Wane birni a Afirka zai iya ɗaukar nauyin Olamfik?

Ɗan Zazzau: Jama'a, har yau Afirka ba ta karɓi Olamfik ba. Wane birni ne zai iya, kuma me ake dubawa?

Mai Usur: Malam, filin wasa shi ne mafi sauƙi. 'Yan wasa kusan 10,500 ne ke zuwa, ana buƙatar masaukinsu, ɗakunan otal dubbai, babban filin jirgi, da jirgin ƙasa mai kwashe 'yan kallo. Nan Alƙahira ta yi zarra, jirginta na ƙarƙashin ƙasa yana aiki tun 1987. Matsalarta zafi. Yuli da Agusta ake gasar, kuma zafi ne ya sa aka ɗauke gudun famfalaƙi na Olamfik ɗin Tokyo zuwa Sapporo, birnin arewacin Japan da ya fi Tokyo sanyi.

Uwar Biyu: Ni Cape Town ta Afirka ta Kudu zan zaɓa. Ta nemi ta 2004, Athens ta kayar da ita, kuma tana da filin da aka gina don kofin duniya na 2010. Gina sabo shi ke kashe birni: Montreal ta karɓi ta 1976, sai 2006 ta gama biyan bashin. Los Angeles kuwa ta ci riba a 1984 don tsofaffin filaye ta yi amfani da su.

Mai Usur: Hajiya, kar ki manta da Durban, ita ma a Afirka ta Kudu take. An ba ta gasar ƙasashe rainon Ingila ta 2022, aka ƙwace a 2017 saboda kuɗi.

Ɗan Zazzau: Abuja fa?

Uwar Biyu: Ta karɓi wasannin Afirka a 2003, amma kula da filayen bayan gasa ya gagara. Da saura.