Kun taɓa ba yarinya littafin mata mayaƙa da masu sihiri? Ku faɗa mana yadda aka kwashe

Gwaggon Yara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Waɗanda abin ya faru da su nake nema. 'Yar ƙanwata tana aji biyu a babbar sakandare, mayyar karatu ce, kuma ta ce littattafan soyayya sun ishe ta. Ina da wasu kundayen gajerun labarai na Turanci tun ina jami'a, daga jerin Sword and Sorceress da Marion Zimmer Bradley ta fara fitarwa a Amurka a 1984. Marubuta daban-daban ne a kowane kundi, sharaɗin dai jarumar ta kasance mace, ko dai mai takobi ko mai sihiri. Ina son in ba ta, amma sihirin da ke ciki da abin da mahaifinta zai ce sun sa na tsaya. Wanda ya taɓa miƙa wa 'yarsa ko ƙanwarsa irin waɗannan, me ya biyo baya?

Malamar Turanci

Wa alaikumus salam Gwaggo. Na yi amfani da su a ƙungiyar karatu ta 'yan mata a makarantarmu, kuma ban yi da-na-sani ba. Yarinyar da ke jin tsoron littafi mai kauri, idan kika ce mata labarin shafi goma sha biyu ne, sai ki ga ta gama kafin a tashi. Gobe ta dawo tana neman wani.

Amma don Allah ki karanta kowanne kafin ki miƙa. Kundayen farko suna da labaran da suka ginu a kan an ci zarafin mace sannan ta tashi ɗaukar fansa, kuma wasu ba su ɓoye abin da aka yi mata ba. A kundi na uku, na 1986, akwai labarin Mercedes Lackey inda jarumai mata biyu, Tarma da Kethry, suka fara haɗuwa. An hallaka dangin Tarma kaf, ita ma an yi mata aika-aika. Wannan 'yan ajin ƙarshe kaɗai na ba. Fensir nake sawa a jerin labaran, in yi alama a kan wanda ya dace da ƙanana.

Abin da ya fi tayar da gardama a wurinsu shi ne takobin Kethry, wanda ke jan mai riƙe da shi dole ta kai ɗauki ga duk macen da ke cikin wahala. Wata ɗaliba ta ce, to idan macen ce mai laifi fa? Ranar har aka kaɗa ƙararrawa ba su bar maganar ba, kuma da Turanci suke yi, su da sai na yi da gaske suke buɗe baki.

Baban Uku

Ni bangon littafin ne ya tayar min da hankali, ba sihirin ba. Na tarar da babbar 'yata da shi, ga mace a jiki da sulke wanda bai rufe komai ba. Na karɓe. Da dare na zauna na karanta labarai da dama, sai na ga matan da ke ciki mutane ne masu kamun kai, mai zanen bangon ne kawai ya bi son kasuwa. Na naɗe shi da takardar tsohuwar kalanda na mayar mata.

Batun sihiri kuwa, mu da muka tashi da Gandoki da aljanunsa ba mu koma bokaye ba. Na zaunar da ita na ce wannan ƙirƙira ce, hukuncin sihiri a addininmu kin san shi. Ta ce Baba ai na sani. Hajiya, ki fara nuna wa mahaifin yarinyar da kanki. Ya gani a hannunki ya fi ya tsinta a ƙarƙashin matashi.

Ƙanwar Amarya

Mu dai bai karɓu ba. Na ba ƙanwata, ta yi labari ɗaya da rabi ta ajiye. Sunayen mutane da na garuruwa suka yi mata nauyi, ga dusar ƙanƙara da dazuzzukan da ba ta iya kwatantawa a ranta. Ta koma kan littattafan yaƙi na Hausa da take karantawa a waya. Ban matsa mata ba.

Mai Safarar Kwatano

'Yar'uwa Ƙanwar Amarya, wataƙila ba ki dace da labarin da za ta fara da shi ba ne. Tawa 'yar ma haka ta yi da farko, har sai da muka faɗa kan labaran wata jaruma mai suna Dossouye.

Wanda ya ƙirƙire ta Charles R. Saunders ne, baƙar fata haifaffen Amurka da ya yi yawancin rayuwarsa a Kanada, ya rasu a 2020. Ta fara fitowa a kundin Amazons! na 1979 wanda Jessica Amanda Salmonson ta tattara, wato ya riga jerin da Gwaggo ke magana da shekara biyar. Daga rundunar matan tsohuwar masarautar Dahomey, mai fada a garin Abomey, ya ɗauko ta. Baƙa ce, a daji irin namu take tafe, abin hawanta ma ba doki ba ne, wani bijimin yaƙi ne mai suna Gbo. Da 'yata ta kai kan sunan Abomey sai ta ɗago ta ce, Mama ba garin da kike wucewa ta kusa da shi ba ne? Na ce shi ne, a Jamhuriyar Benin, kuma fadar sarakunan tana nan har yau ana shiga kallo.

Daga nan tambaya ta ɓarke. Da gaske an yi sojoji mata? Na ce an yi, dubbai ne, kuma sun gwabza da Faransawa a 1890 da 1892 zamanin Sarki Behanzin. Ban ɓoye mata cewa masarautar ta yi ta kai hari tana kama bayi ba, kuma da waɗannan matan ake zuwa. Ta yi shiru, ta ce ashe jarumta daban, gaskiya daban. Yanzu littattafan tarihi take sa ni nema mata, ni da na fita sarin atamfa.

'Yar Dogon Dutsi

Ina gaishe ku daga Nijar. Lokacin da nake karatu a Sakkwato na samu kundi guda wajen masu tsoffin littattafai, na kawo gida ina fassara wa ƙannena da dare. Kakarmu tana gefe tana jan carbi. Da na kai inda wata jaruma ta haɗa makami da asiri, sai ta ce wannan ai Sarauniya ce. Tana nufin Sarauniya Mangu ta Lugu, nan ƙasarmu ta Arewa da ke Nijar, wadda ta tari rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a 1899 lokacin da suke tafe suna ƙone garuruwa. A wurin mutanenta shugaba ce kuma mai riƙe da al'amuran gargajiya. Daren nan littafin bai ƙara buɗuwa ba, tsohuwa ce ta karɓe hira. Ƙannena sun fi tuna nata labarin a kan wanda na fassara, kuma hakan ya yi min daɗi.

Ummu Sumayya

Ni na hana, kuma har yanzu ina kan bakana. Ba wutar da ake hurowa daga hannu ce ta dame ni ba, wannan ko yaro ya san tatsuniya ce. Rantsuwar ce. A labarin da Malama ta ambata, Tarma ta sadaukar da kanta ga wata allahiya, kuma an rubuta wurin da kyau har mai karatu ya ji ana girmama abin. 'Yata shekararta goma sha biyu a lokacin. Na ce a bari tukuna akida ta zauna. Ta yi fushi kwana biyu ta huce. Idan ta girma ta nema, zan zauna mu karanta tare.

Anti Likita

Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma ya kamata Gwaggo ta sani kafin yarinyar ta buga sunan a intanet. Bradley ta rasu a 1999. A 2014 'yarta ta fito fili ta ce mahaifiyar ta ci zarafinta tun tana ƙarama. Mijin Bradley kuwa, Walter Breen, kotu ta same shi da laifin lalata da yara, a kurkuku ya mutu a 1993.

Ranar da na ji, na kasa cin abinci, domin da littattafan nan na yi 'yan matancina. Daga baya na tsaya a kan cewa labaran na mutane ne masu yawa, da dama a nan aka fara buga musu rubutu, kuma ba su da hannu a abin da ya faru a gidanta. Tsofaffin da nake da su ban zubar ba. Na gaya wa 'yata komai kafin in ba ta, muka yi maganar da na daɗe ina neman hanyar buɗewa da ita: cewa mai cutar da yaro yana iya zama mutumin da duniya ke yabo, kuma duk wanda ya taɓa ta, ko wane ne shi, ta zo ta faɗa min.

Gwaggon Yara

Inna lillahi. Anti, wannan ban taɓa ji ba, na gode da kika faɗa. Zan kai wa mahaifinta ya duba tukuna. Hajiya mai Kwatano, a wane kundi zan samu Dossouye?

Mai Safarar Kwatano

Tana cikin na ɗaya da na biyu da na uku, labari guda a kowanne. Idan babu su a cikin naki, an haɗa labaranta wuri guda a littafi mai sunanta a 2008. Su ma ki fara karantawa, don ba duka ne na ƙananan yara ba.