Neman kalma: me za mu kira "doping" da Hausa?

Mai fassara: Salamu alaikum. Ina neman kalmar da za mu kira amfani da haramtattun magunguna a wasanni. Gidajen rediyo sun saba da "shan ƙwayoyin ƙara kuzari", to ga inda ta ci tura. A wasannin Commonwealth na Glasgow a 2014 an ƙwace zinaren Chika Amalaha ta Najeriya a ɗaga ƙarfe, ajin kilo 53, tana 'yar shekara 16. Abin da aka samu a fitsarinta amiloride ne da hydrochlorothiazide, magungunan sa fitsari. Wane kuzari waɗannan suke ƙarawa?

Likitar 'yan wasa: Ko kaɗan, Malam. Amfaninsu biyu ne. Ana hawa sikeli awa biyu kafin gasa, sai wadda ta ɗara ajinta ta sha don ta zubar da ruwan jiki. Na biyu, suna tsinka fitsari har wani maganin ya yi wuyar ganuwa. Su kansu turinabol da stanozolol, da suka fi yawa a wannan wasa, tsoka suke ginawa, su sa jiki ya warware da wuri bayan atisaye mai nauyi. Tun watanni kafin gasa ake shan su, a daina idan ta matso. A jikin mace kuwa murya takan yi kauri, gashi ya fito a haɓa, al'ada ta rikice, kuma muryar ba kasafai take komawa ba.

Malamin Hausa: Ita "ƙwaya" ma da nata ɗaurin. Bahaushe na jin ta, ɗan ƙwaya zai faɗo masa a rai, mai neman buguwa. Ta dace da tramadol, wanda WADA, hukumar duniya mai yaƙi da wannan al'amari a wasanni, ta hana a lokacin gasa tun 2024, amma allurar EPO mai ƙara yawan jini fa, ko ƙarin jini? Ni dai na kawo "satar ƙarfi".

Koci: Ranka ya daɗe, tana da daɗin faɗi, kuma akwai sata a ciki da gaske. A Olamfik na Beijin a 2008 Maryam Usman ta zo ta biyar a ajin sama da kilo 75. Da aka sake gwada fitsarin da aka ajiye a 2016, aka kama Olha Korobka ta Yukren da Mariya Grabovetskaya ta Kazakistan, tagulla ta dawo wa Maryam. Lambar ta zo, amma hawa dandamali a gaban jama'a ya wuce. Sai dai laifin ya fi ƙarfin sha. Ƙin ba da fitsari laifi ne, musanya shi laifi ne. 'Yar wasan da ke cikin jerin waɗanda ake sa wa ido don gwaji dole ta faɗi inda za a same ta na awa guda kowace rana, idan ta saɓa sau uku cikin wata 12 hukunci ya hau kanta ko ba a samu komai ba. Wannan "maguɗi" ne, irin na zaɓe da na jarrabawa. Ina ganin "maguɗin jiki".

Likitar 'yan wasa: Koci, a yi hattara da ita wajen labari. Maguɗi na nuna ganganci, alhali a doka abin da aka samu a jikinki naki ne, ko da ta garin ƙarin furotin mai algus ya shiga. Kuma fitsarin, aƙalla mililita 90, kwalba biyu ake raba shi. Idan ta A ta nuna abu, 'yar wasa na da damar neman a buɗe ta B.

Malamin Hausa: To mu raba aiki. Sunan al'amarin gaba ɗaya "maguɗin jiki". Kafin hukunci a rubuta "an samu haramtaccen sinadari a jikinta". Su turinabol "maganin gina tsoka", masu ɓoye su "maganin ɓad-da-sawu", zuwan jami'ai ba sanarwa "gwajin ba-zata". Na janye "satar ƙarfi", a bar wa masu sharhi.

Mai fassara: Na ɗauka, Allah ya saka. Saura wanda ya aikata: "mai maguɗin jiki" ta yi tsawo a kanun labarai.

Koci: Idan an riga an ambaci wasan, "'yar maguɗi" ta isa.